Allon da Akwatin

Ƙofar Guga, Katsina
3 ga Agusta, 1999

Aminiyata Mary,

Gaisuwa mai yawa. Ya gida, ya maigidanki Istifanus da shagon kwamfuta? Na gode da zaman makokin da kika taya ni, Allah Ya bar zumunci.

Kin san ina takaba, ba na fita, shi ya sa na rubuto. Yayan mijina Mudassir, Alhaji Sammani, ya aiko wai a kai masa tsohuwar kwamfutar marigayi, kayan gado ce. Mutumin da ko kunna ta bai iya ba! Littafin yake hari, wanda mijina ya rubuta a cikinta a kan wata goma sha ɗaya da sojoji suka tsare shi. Babi ashirin ne, kuma babu kwafinsa a ko'ina. Don Allah ki aro min laftof ɗin Istifanus da fulofi, faifan nan na kwafar rubutu, in kwashe shi kafin a zo.

Taki,
Sa'adiyya

Gobarau, Katsina
9 ga Agusta, 1999

Zuwa ga Malama Halimatus Sa'adiyya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan kina ƙara haƙuri. Allah Ya jiƙan ƙanena, Ya sa Aljanna ce makomarsa.

Sau biyu ina aike, ba ki ba da injin ba. Sojoji sun koma bariki, farar hula sun hau, abin da ya wuce ya wuce. Tone-tone ba ya haifar da alheri, kuma gidanmu gidan mutunci ne. Ranar Asabar Ɗanladi direbana zai zo ya ɗauka. Kada ki sa a ce ba ki da kunya.

Wassalam,
Alhaji Sammani

Ƙofar Guga
14 ga Agusta, 1999

Mary,

Ina gaisuwa, a gaishe da yara. Yau na yi dariya, karo na farko tun rasuwar.

Aikin nan yana cin rai. In sa fulofi a tsohuwar, ta yi ta ƙugi kamar injin markaɗe, in zare in sa a laftof, sai ta ce babu komai. Wani babin sai na maimaita sau huɗu, ga wuta ba ta zama. Babi tara na samu lokacin da Ɗanladi ya yi sallama.

Daga bayan labule na ce, "Me Alhaji ya ce ka ɗauko?"

Ya ce, "Wadda rubutun ke fitowa a jikinta, mai kama da talabijin."

Na ce, "Bismilla, ga ta nan."

Ya rungumi allon yana nishi ya kai mota. Akwatin da komai ke ciki yana ƙarƙashin tebur, har ya yi tuntuɓe da shi, ya ce in gyara hanya. Wallahi ban yi ƙarya ba, abin da aka aiko shi ya ɗauka. Sai dai yanzu ba na ganin komai, kuma saura babi goma sha ɗaya. Ki roƙi Istifanus ya ara min allo.

Sa'adiyya

Ƙofar 'Yandaka
15 ga Agusta, 1999

Sa'a tawa,

Ya haƙuri? Istifanus ya yi dariya har ya ƙware. Gobe zan kawo allon cikin kwandon wanki, in rufe shi da zannuwa.

Amma ki ji. Ya buga babi taran da kika aiko a takarda, na karanta na uku. Kin san abin da ke ciki? In ba ki sani ba, ki zauna kafin ki buɗe. In kina so a tsallake shi, babu mai ganin laifinki.

Ubangiji Ya ƙarfafa ki.
Mary

Ƙofar Guga
21 ga Agusta, 1999

Yaya Alhaji,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa da girmamawa, a gaishe da Hajiya.

An ce ka kulle allon a ɗaki. Ka bar shi ya sha iska, gilashi ne kawai. Rubutun yana cikin akwatin da Ɗanladi ya tsallake. Jiya na gama kwashe babi ashirin cif, kwafi uku, a gida uku. Yanzu ka aiko a ɗauki akwatin, a raba gado yadda shari'a ta ce, ko allura ba zan riƙe ba.

Ga babi na uku nan cikin ambulan. Ashe Mudassir ya san kai ka nuna wa sojoji gidan da ya ɓuya. Shekara huɗu yana cin tuwon salla a gabanka, bai taɓa faɗa min ba. Na yi kuka har na gaji. A ƙarshen shafin ya rubuta cewa tsoro ne ya sa ka, kuma ya yafe maka duniya da lahira.

Mary ta ce ko a cire babin. Ban cire ko wasali ba. In na cire laifin, yafiyar ma ta tafi, ita ce kuma rabonka na gadon.

Ka huta lafiya.
Halimatus Sa'adiyya, matar Mudassir