Muryoyi Dubu, Suna Ɗaya

Zornitsa, tauraruwar asubata, sanyin idona, inuwata da rani, murhuna in ƙanƙara ta rufe duwatsun Rodopi,

Ina gaishe ki da hannun da ya yi miki ɓarna. Tun da ciwon nan ya taɓa kanki, abin da aka faɗa miki da safe ba ya kai yamma, shi ya sa na sa shi a takarda. Ƙanwarki Rumyana za ta karanta miki, in ya kuɓuce miki ta sake karantawa.

Kin tuna ranar da muka hau tudu wajen tsohuwa Stoyna, kina gaba kamar barewa, ni ina baya da rakoda kamar jaki? Ta ƙi yin waƙa sai mun share kwanon wake, wai mai yunwa kukan cikinsa kawai yake ji. Da ta gama rerawa kika tambayi sunanta, da na ubanta, da ƙauyen da aka haife ta. Ta yi dariya, ta ce wa ke neman sunan mai kiwon awaki? Kika ce, "Ni." Wayyo Zornitsa, a kan wannan kalma ɗaya na faɗa, har yau ban tashi ba!

Shekara talatin kina bin ƙauyuka, kin tara waƙa dubu ɗaya da ɗari da arba'in daga bakin matan da yanzu duk suna ƙasa. Ni sarkin wayo na ce miki takarda abincin ɓera ce. Na nuna miki cewa kowane fayil na waƙa yana da gurabe a cikinsa, na take, na shekara, na bayani, na mawaƙi. Hunturu biyu kina zuba sunayen a gurbin mawaƙi, mace da ubanta da ƙauyenta a layi guda. Littattafanki da danshi ya ci kuwa, ni da kaina na kai su bola.

Da aka kwantar da ke a asibitin Smolyan na rasa abin yi da hannuwana. Na kwashe waƙoƙin zuwa kwamfutata mai manhajar Linux, wadda kike kira cocin marasa aikin yi, na goge duk abin da ke cikin taki tsohuwar na bayar da ita. A sabuwar, haruffan sunayen suka fito kamar sawun kaji a taɓo. Mako uku ina gyara su har suka miƙe. Sai ƙauna ta rufe mini ido, na ce bari in yi miki kyauta, in rubuta sunanki a kan kowane fayil a matsayin wadda ta tattara. Layi ɗaya na umarni na buga wa na'urar. Na sa gurbin mawaƙi a maimakon na bayani. Na'urar ba ta tambayar mutum ko ya tabbata, tana ɗauka babba ne ke magana. Kafin in lura, kwana biyu sun wuce, ma'ajiyar da na tsara ta riƙa kwafar kanta kullum ta haɗiye kuskuren, ta shafe tsohon kwafin mai sunayen. Garin neman gira na rasa ido.

Yanzu Stoyna sunanta Zornitsa. Makauniyar nan mai waƙar girbi, Zornitsa. 'Yan'uwa ukun da ke kukan amarya da murya ɗaya, Zornitsa. Sunan da na fi ƙauna a duniya, na mayar da shi ƙasar da na binne mata dubu a karo na biyu! Wane irin masoyi ne wannan? Wace zuciya ce za ta yafe masa? Ba inda sunayen suka rage sai a kanki, likita kuma ya ce abin da ke ciki tsiyaya yake yi kamar tulu mai tsagu.

Ran Lahadi na zo miki da kwamfutar, tsoro ya hana ni faɗar gaskiya, na ce wasa za mu yi. Na sa miki waƙa arba'in, kin ba ni suna shida. Na rubuta su da biro. Ki yafe mini, hasken gidana, ko kada ki yafe, amma ki bar ni in riƙa zuwa kullum. Ki zage ni, ki juya mini baya, in dai tsakanin zagi da zagi za ki jefo mini suna ɗaya.

Ta ƙarshen da na sa miki ranar nan, wata yarinya ce ke gwada rakoda, tana rera baiti biyu tana dariya. Ke ce, kina da shekara ashirin da shida. Cikin fayilolin duka, shi kaɗai ne kuskurena ya faɗi gaskiya a kansa. Kika saurara har ƙarshe, kika kama hannun rigata.

Kika ce, "Wace ce wannan? Malam, ka nemo sunanta ka rubuta, kada ta ɓace."

Na rubuta, Zornitsa. Gobe zan dawo da arba'in na gaba, jibi ma haka, ko kin gane ni ko ba ki gane ni ba.

Naki muddin ina numfashi,
Mijinki Tihomir