Na riga mahaifinsa magana a kunne

Admin, don Allah a ɓoye sunana. Barkanku da war haka 'yan uwa, Musulmi da Kirista duka nake so ku ba ni shawara, don abin ya shafi kowa.

Ni Bahaushiya ce Kirista, ma'aikaciyar lafiya. A Sabon Garin Minna na girma wurin gwaggona. Bara mishan ɗin cocinmu ya tura ni wani ƙauye gaba da Gwada in riƙe ɗan kilinik ɗinsu, ɗaki biyu ne da baranda, ni ce nas, ni ce mai shara. Da murnata na tafi, ban san kaɗaici zai ci ni haka ba. A coci da yaren Gbagyi ake sujada, ina zaune kamar baƙuwar biki, in an tashi su gaishe ni da ladabi kowa ya kama gabansa. Musulmin garin kuma in sun ji Hausata sai su saki jiki, da sun ga ƙaramin gicciye a wuyana hira ta mutu. Netwok sai na hau tudun bayan makaranta, in na kira gwaggo ta ce in yi haƙuri aikin Ubangiji ne, shi ke nan.

Mutum ɗaya ce ta ɗauke ni 'yar uwa, zan kira ta Hauwa. Banufiya ce, danginsu daga Bida suke, mijinta yana sayen doya. Awon ciki ya haɗa mu. Ita ke aiko min da miyar kuɓewa, tana tsokanata wai har yanzu ban iya kirɓa sakwara ba wa zai aure ni. Ita ta jawo min matan unguwarsu awo da rigakafi, da can ko ƙofar kilinik ba sa bi. Ba ta taɓa ce min in musulunta ba, ni ma ban taɓa yi mata wa'azi ba.

Ranar kasuwar Gwada naƙuda ta kama ta, mijin ba ya nan, surukarta ta kawo ta. Yaron ya fito shiru, cibiya naɗe a wuya, jikinsa ya saki. Na goge shi, na share masa hanci, na yi ta ba shi iska. Da ya tsanyara kuka ban san lokacin da na rungume shi ba, bakina dab da kunnensa, na ce na gode Yesu, na yi ta maimaitawa ina hawaye. Wallahi ba da wata manufa ba, haka bakina ya saba tun ina yarinya.

Tsohuwar ta karɓe shi daga hannuna ta ce, "Likita, ke kin riga babansa magana a kunne."

Sai a lokacin na tuna cewa a wurinsu kiran salla ne ya kamata jariri ya fara ji, mahaifinsa ko wani babba ya yi masa. Ni da na tashi cikin Hausawa na san wannan sarai, tsoro ne ya mantar da ni. Kafin yamma magana ta zaga gari wai dama abin da ya kawo ni ke nan, ina shigar da jarirai addinina tun kan gado. An yi suna ba a gaya min ba, daga baranda nake jin guɗa. Ranar awo yanzu benci wayam yake, har wata mai hawan jini da cikinta ya tsufa ta daina zuwa, ita ce take hana ni sukuni.

Mijin Hauwa mutumin kirki ne, ya zo ya yi godiya, ya ce ya san ɗansa a hannuna ya rayu. Amma ya ce dattawa sun yanke cewa in zo gaban mai unguwa in yi alkawari ba zan sake ambaton sunan Yesu a ɗakin haihuwa ba, sai mata su dawo. Na je Minna na gaya wa Fasto mai kula da mu, ya ce in na yi wannan alkawarin na yi musun Ubangijina a gaban mutane, gara a ɗauke ni a rufe kilinik ɗin. Na ce to matan fa? Ya ce Allah zai kula da su. Raina ya ɓaci sosai, don shi a Minna yake kwana kusa da babban asibiti.

Shekaranjiya na hango Hauwa a bakin famfo da yaron a baya. Ta dube ni, ta ɗan juya min bayanta don in ga fuskarsa, ta wuce. Na koma ɗaki na yi kuka har na gaji.

'Yan uwana Kirista, in na yi addu'ata a zuci bakina a rufe, na yi musunsa ne? Ku kuma Musulmi, akwai hanyar ba da haƙuri da za a karɓa ba tare da wannan alkawarin ba? Ranar Juma'a mai unguwa yake jirana, ita kuma mai hawan jinin ba na jin cikinta zai kai wata Juma'ar. Me zan ce musu?