Tsagar Ɗakin Gabas

Yaya,

Ina gaida ki da yara. Bangon ɗakin da na ware wa abin da ke cikina ya tsage, daga taga har ƙasa. Da farko kamar zare ne, sai na jera littattafaina na soyayya a gabansa don kada in gani. Yanzu yatsana na shiga. Ruwa ya jiƙa guda bakwai, shafukan sun manne. Maigida ya yi wa Kawunsa magana, kin san shi ne ɗan kwangilar da ya gina mana gidan, kuma shi ya raine shi. Kawun ya ce wai ba komai, gini ne ke zama.

Ƙanwarki.

*

Auta,

Muna lafiya. Ke dai rufe littattafan nan ki buɗe takardar kwangila. Mu ma mun yi gini. Galibi duk aibin da ya fito cikin shekara guda, gyaransa na kan ɗan kwangila, amma sai an sanar da shi a rubuce. Maganar baki ba ta shiga. Yaushe aka ba ku makulli?

Yayarki.

*

Yaya,

Barka da aiki. Haka takardar ta ce, saura kwana goma sha biyu shekarar ta cika. Maigida ya ce hannunsa ba zai iya rubuta wa Kawu irin wannan ba, sai na rubuta, shafi uku, har na yi kuka. Ya ce aika wa babba takarda ta hannun wani rashin kunya ne, shi zai kai da kansa. Na ga ya sa ta a aljihu. Har na fara hango ɗakin da shuɗin fenti.

A gaida kowa.

*

'Yata,

Bayan gaisuwa, ya nauyin jiki? Takardarki ta iso jiya, kin iya rubutu. Sai dai shekara ta cika tun ranar Talata, ni da abokan aikina mun rufe wannan aikin. Yaron nan sau uku yana zuwa gaishe ni, bai ce komai ba. Allah ya sauke ki lafiya.

Kawunku.

*

Yaya,

Sau uku Maigida ya je wurin Kawu, ya durƙusa, ya dawo da takardar a aljihu. Sai da shekarar ta cika ya miƙa ta. Da na tambaye shi, ƙasa ya kalla. Na janyo gadon jaririn zuwa falo, na kulle ɗakin. Hadari ya haɗu kuma.

Ki sa mu a addu'a.