Na Ce Mata Na Binne Ɗanta, Alhali A Daji Na Bar Shi

Assalamu alaikum jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana. Don girman Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni.

Ni tsohon soja ne, yanzu ina noma a ƙauyenmu ta wajen Bici. Tare muka shiga soja da Bitrus, maƙwabcinmu, gonarsu na jikin tamu. Aka zaɓe mu cikin runduna ta musamman, masu kutsawa daji a ƙafa su lalata kayan 'yan bindiga. Wata rana aka tura mu mu shida mu ƙona ma'ajiyar mansu. Ogammu ya ce, "Ku je, mota na jiranku a bakin rafi." Muka ƙona, suka buɗe mana wuta, muka iso rafi babu mota, sauran huɗun kowa ya yi ta kansa. Harsashi ya sami Bitrus a ciki. Na goya shi har ƙafafuna suka gaza. Ya ce, "Ɗan'uwa, kar ka bar ni." Na kwantar da shi a gindin kalgo na ce bari in ɗebo ruwa. Ban koma ba. Yana numfashi na tafi.

Sai bayan shekara wani na ofis ya tsegunta min cewa a ranar akwai jirgi marar matuƙi a shirye, da zai yi aikin ba a tura kowa ba. Oga ne ya hana, saboda manya sun fara cewa rundunarmu tsohon yayi ce, yana so ya nuna musu muna da amfani. Motar kuwa, yana jin harbi ya janye ta. Aka ƙara masa girma. Da na tunkare shi sai ya ce, "Kofur, yaƙi ke nan." Wannan ne yaƙi? Ogan da mu yaransa muke kira Baba? Amma ni da wane baki zan zarge shi, bayan abin da na yi?

Mahaifiyar Bitrus, Inna Saratu, na gaya mata a hannuna ya cika, kuma ni na binne shi. Tun daga nan "ɗana" take ce min. Jiya ta same ni ina yankan dawa, ta ce, "Ɗana, ƙarfina ya ƙare. In an gama girbi ka kai ni kabarinsa in yi masa addu'a."

Na ce, "To, Inna."

Babu kabari. Saura mako biyu a gama girbi. Jama'a, me zan yi?