Shatu da Barewa Mai Ƙahon Rassa

Guangzhou, Disamba 1998

Zuwa ga Yaya Nana Hafsat,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da girmamawa. Ina fatan kuna lafiya, ke da Malam da yara, da 'yata Shatu da kike ta fama da ita tun rasuwar mahaifiyarta. Allah ya biya ki. Yaya ibada? Mu ma mun ɗauki azumi, cikin wani sanyi mai danshi da ke ratsa ƙashi. Karatu na tafiya, in Allah ya yarda a watan Yuli zan kammala in dawo gida gaba ɗaya.

Ga wani littafi na ba Alhajin da zai kawo miki wannan wasiƙa. Na Shatu ne. Abokina Mutawakilu, mutumin zangon Kumasi da ke aika jakunkuna gida daga kasuwar Shiling, shi ya ja ni rakiya wata maɗaba'a inda ake buga masa kwali. Ashe a can ake buga wa Turawa littattafan yara na Kirsimeti. Na buɗe ɗaya, sai ga daji ya miƙe tsaye daga cikin takarda, da bishiyoyinsa da komai! Na ce wa mai wurin ya sayar mini, ya kaɗa hannu yana "meyo, meyo," wato babu. Da ya ga na ƙi ajiyewa, sai ya yi dariya ya ɗauko mini wani mai yagaggen gefe kyauta.

Rubutun ciki ba Turanci ba ne. Na nuna wa Tankari, ɗalibi ɗan Maraɗi, ya ce ba Faransanci ba ne kuma. Don haka na kalli hotunan na ƙago labarin da kaina. Ki karanta mata:

A wani gari da ƙanƙara ta rufe, akwai yarinya mai jar hula, ita ma Shatu ce. Kowace shekara wani tsoho mai farin gemu yakan zo ya ajiye wa yara tsaraba suna barci. A bana bai zo ba. Sai ga wata barewa mai ƙaho kamar rassan bishiya ta ƙwanƙwasa tagar Shatu ta ce, "Maigidana ya ɓata, babu mai ƙarfin zuciyar nemo shi sai ke." Shatu ta haye bayanta. Suka ratsa dajin da bishiyoyinsa ke gulma, suka taka kogin da ya daskare, har suka iso wata gada. A tsakiyar gadar wani ƙaton dodo na kwance yana minshari.

A nan na tsaya. Kada ki bari ta buɗe shafin bayan gada sai wasiƙata ta gaba ta zo.

Ki gaya mata ni ma ban taɓa ganin ƙanƙarar nan tana zuba ba. Ba a yin ta a garin nan. Auduga ce kawai masu kantuna suke mannawa a gilashi.

Ki gaida Malam. Ki sa ni a addu'ar buɗa-baki.

Ƙaninki,
Jabir


Kano, Janairu 1999

Jabir,

Wa alaikumus salam. Barka da shan ruwa, barka da Sallah. Duk muna lafiya, sai abin da zan gaya maka a ƙasa.

Littafi ya iso. Maganar kada ta buɗe bayan gada kuwa, ka manta 'yar wa ce? Kafin in gama karanta gaisuwarka ta kai bangon ƙarshe. Malam ya fara ƙorafi wai me ya kai kayan Kirsimeti gidansa cikin azumi. Da la'asar sai na same shi a zaure yana buɗe shafin gada yana rufewa, yana leƙen yadda aka yi dodon ke tashi.

Labarinka bai samu karɓuwa duka ba. Ta ce dodon ba barci yake ba, lamɓo ya yi, ka dubi idonsa ɗaya. Ta kuma tambaye ni, "Gwaggo, me ya sa tsohon yake zuwa sai yara sun yi barci? Ba ya son su gan shi ne?" Na ce ban sani ba. Sai ta ce, "To shi dai ai yana zuwa kowace shekara." Ba don ka ji haushi na rubuta maka ba.

Yanzu ka nutsu ka karanta.

Na lura sai ta kai littafin har kan hancinta take kallo. Na ɗauka son abin ne. Sai malamar ajinsu ta tare ni a makaranta ta ce tun kafin hutu Shatu ba ta kwafar abin da ke kan allo, a littafin ta kusa da ita take leƙa. Na tuna yadda take yawan tuntuɓe da buta kwanan nan ina yi mata faɗan rashin nutsuwa. Bayan Sallah na kai ta asibitin ido. Sun duba, sun sake dubawa. Likita ya ce jijiyar idon ce take mutuwa. Na hagu ya riga ya tafi, ita kanta ba ta san yaushe ba. Na dama yana bin sa. An ba mu magani na ɗigawa, amma da na matsa masa ya faɗa mini gaskiya, ya ce maganin jinkiri kawai zai kawo. Wataƙila shekara, wataƙila ba ta kai ba.

Na san abin da Yuli yake nufi a wurinka, na san wahalar da ka sha kafin ka kai nan. Ban ce ka zo ba, ban ce kada ka zo ba. Amma tana da shekara biyar ka tafi, yanzu tana cikin ta tara, kuma fuskarka ta wancan lokacin ce kawai a kanta.

Ba ta san komai ba tukuna. Ga nata saƙon, da hannunta. Kada ka damu da girman baƙaƙen.

Yayarka,
Nana Hafsat

ABBA INA WUNI. NA GODE DA LITTAFI. SUNAN BAREWAR TALATU. KA GAYA MINI YADDA ZA MU WUCE DODO. SHATU.


Guangzhou, Fabrairu 1999

Yaya,

Salamu alaikum. Ki yi haƙuri, yau ba ni da doguwar gaisuwa.

Wasiƙarki ta same ni a bakin ɗakin gwaji. Na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune a kan matakala, har Tankari ya zo ya ɗaga ni. Zan taho. Ban tsaya shawara da kowa ba. Na je wurin malamina na faɗa masa. Dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya cire tabarau ya daɗe yana gogewa, sannan ya ce, "Aikin zai jira ka. Tafi."

Amma Yaya, fasfona ya ƙare, tun farkon Janairu na aika shi Beijing a sabunta. Ga shi bikin sabuwar shekararsu ya shigo, ƙasar nan kuwa in wannan biki ya zo komai tsayawa yake. Jiya na bi ta tashar jirgin ƙasa. Ban taɓa ganin taro irin wannan ba, ko a filin idi. Mutane kwance a kan buhunansu, mata goye da yara, wani ya rungumi akwatin talabijin. Kowa gida za shi. Na tsaya a gefen titi ina kallonsu kamar wawa.

Na kai bayanin da kika rubuta wurin wani likitan ido a nan, ko suna da wata dabarar. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin da aka gaya muku shi ne.

Ga hotona na sa a ciki, na ɗauka shekaranjiya. Na ce mai hoton ya matso sosai. Ki nuna mata a cikin rana.

Ki karanta mata wannan:

Shatu, kin yi gaskiya, lamɓo dodon ya yi. Da suka zo tsakiyar gada sai ya yi wuf ya kama Talatu a ƙaho. Ya ce ba mai wucewa sai ya ba shi abin da ya fi so. Shatu ta cire jar hularta, wadda mahaifiyarta ta saƙa mata, ta miƙa masa. Dodo ya ɗora a kan kunnensa ɗaya, don nan kaɗai ta shiga. Ashe tun da aka halicce shi sanyi ke damun kunnen nan, shi ya sa yake mugunta. Ya matsa musu suka wuce. Daga nan suka hango dutse, da wata 'yar bukka a ƙolinsa.

Yaya, ki riƙa ɗiga mata maganin a kan lokaci. Na san kina yi. Ban san me zan ce ba ne.

Jabir


Kano, Maris 1999

Ƙanina Jabir,

Gaisuwa da fatan alheri. Allah ya sa wannan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da haƙuri.

Ba zan yi maka kwana-kwana ba. Abin ya yi sauri fiye da yadda likita ya zata.

Ranar da hotonka ya zo na fitar da ita tsakar gida da hantsi. Ta riƙe shi, ta kai kusa, ta matsar, ta karkata kai. Ta ce, "Na ga farar riga." Na ce sai me? Ta ce, "Da wani abu kore a baya." Na ce fuskar fa? Sai ta miƙo mini ta ce, "Ya yi kyau, Gwaggo." Na shige madafa, na fake da hayaƙi.

Yanzu haske da duhu kawai take bambancewa. Ta daina zuwa makaranta. Ni na gaya mata gaskiya da bakina, don ta tambaye ni kai tsaye, kuma ban saba yi mata ƙarya ba. Ba ta yi kuka a lokacin ba. Sai bayan kwanaki, da ta nemi takalminta ɗaya ta rasa alhali yana gabanta, ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba, har maƙwabta suka shigo. Ta roƙe ni kada in faɗa maka. Ga shi na faɗa.

Littafin nan kuwa, Allah ne ya sa ka ɗauko mai hotuna masu tashi. Da yatsu take bin sa. Ta san kowace bishiya, ta san haƙoran dodo, ƙahon Talatu har ya karye na liƙe da ƙaro. Da yamma yaran layinmu sukan taru a zaure, ta buɗe musu tana ba su labari, su suna kallo ita tana shafawa. Wanda ya yi surutu ta kore shi.

Ba ta jira ka ba, ta ƙarasa labarin. Wai sun hau dutsen sun sami tsohon a bukka. Ba ɓata ya yi ba, hanya ce ta rufe masa, yana zaune a kan buhun tsaraba yana kuka. Shatu ta ce masa, "Baba tsoho, daina kuka, ba laifinka ba ne." Ta ɗora shi a bayan Talatu, ita ta ja igiya a gaba, suka shigo gari da rana tsaka kowa yana ganinsu.

Malam yana daga ciki yana ji. Da ta kai nan sai ya tashi ya ɗauki buta, alhali lokacin salla da saura.

Yaya maganar fasfo? Ka taho dai ko yaya ne.

Yayarka,
Nana Hafsat


Guangzhou, Afrilu 1999

Yaya Nana,

Assalamu alaikum. Ta na'urar fakis ta ofishin Mutawakilu nake aiko wannan, don ta riga ni isowa. In akwai amsa, a turo ta lambar da ke sama.

Fasfo ya dawo. Ranar Alhamis ta sama zan tashi ta Hong Kong, in kwana a hanya, in sauka Kano ranar Asabar in Allah ya so. Na tattara takardun aikina na bar wa Tankari. Ko zan dawo in ƙarasa, ban sani ba, kuma yanzu bai dame ni ba.

Fasfon nan da na yi ta jira, da aka miƙo mini shi ban ji komai ba. Na sa a aljihu na fito. Na yi ta tafiya a ƙasa har bakin kogi, na zauna ina kallon jiragen kaya suna gangarawa tashar ruwa ta Huangpu.

Na shiga kasuwa neman tsaraba na rasa abin saye. Duk abin da na ɗauka sai in ga na kallo ne. Wata tsohuwa mai kayan wasa ta ga ina rufe ido ina shafa kayanta, ta zaci taɓin hankali gare ni. Na ƙare da 'yar ƙararrawa da wata rigar siliki mai laushi.

Yaya, tsoro nake ji. Na yi ta shirya abin da zan ce mata in na shigo, ko ɗaya bai zauna ba. In ta juya mini baya, tana da gaskiya. Ki tambaye ta a hankali ko akwai abin da take so in zo da shi.

Ki gaida Malam, ki ce na gode da komai.

Ƙaninki,
Jabir


Kano, Afrilu 1999

Abba,

Ina kwana. Gwaggo ce take rubutawa, ni nake faɗa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Ba sai ka kawo komai ba.

Gwaggo ta ce ka rame kuma ka fara furfura. Ni ban yarda ba. A wurina gashinka baƙi ne, haka kuma zai zauna.

Na iya zuwa zaure ni kaɗai, ba mai riƙe ni. Ranar Asabar a nan zan zauna tun safe. Mutane da yawa suna shigowa wurin Malam, kuma na ɗan manta muryarka. Don haka in ka iso kada ka yi sallama a hankali. Ka ɗaga murya tun daga waje, ka kira sunana, don kada in tashi wa wani.

Allah ya kawo ka lafiya.

'Yarka,
Shatu