Layin da Ke Warkewa Ƙarfe Ɗaya

Litinin, 3 ga Maris
Asibitin ƙashi na bakin titi sun sake kawo koke: intanet na yanke musu, hoton karaya ba ya isa wurin likita. Oga ya tura ni. Na jona na'urar awo a layin wayarsu, ƙara kamar ana suya. Ƙarfe ɗaya daidai, ɗif. Layi ya yi tas.

Talata, 4 ga Maris
Na bi wayar falwaya bayan falwaya. Ta ratsa ta saman rumfar waldar Yaya, dab da injinsa. Ƙarfe ɗaya yake kashewa ya ci abinci. Rumfar kuwa a filin mai asibitin take, mutumin da ba ya kwana da magana.

Laraba, 5 ga Maris
Na je awo ƙarfe ɗaya da kwata. Da gangan. Na rubuta “lafiya lau”, na sa hannu. Allah na tuba.

Alhamis, 6 ga Maris
Na yi wa Yaya maganar. Ko gilashin fuskarsa bai ɗaga ba. “Kai da na goya? Wayarku ce ta zo ta same ni.” Da gaskiyarsa. Da injin nan ya sa ni makaranta.

Juma'a, 7 ga Maris
Wata tsohuwa mai karayar ƙugu ta wuni a kan benci, hotonta ya ƙi tafiya. Oga ya kira ni, takardata a hannunsa. “Malam, ƙarfe nawa ka auna?” Na ce na manta. Ya ce Litinin a sake, da shi za a je. Na kasa cin abinci. Uwargida ta ce ramin ƙarya ƙurarre ne, kamar na tambaye ta.

Asabar, 8 ga Maris
Na nemi a sauya wa wayar hanya. 'Yan sito sun ce sai bayan wata biyu.

Lahadi, 9 ga Maris
Yaya ya zo gida da kansa. “Gobe ba zan kunna ba sai kun tafi.” Na yi godiya. Tsohuwar nan ta ƙi fita daga raina.

Litinin, 10 ga Maris
Ƙarfe goma. Layi tas, Oga har ya ɗauki jakarsa. Ban san lokacin da na tsallaka zuwa rumfar ba. Na ce, “Yaya, kunna.” Ya kunna, ƙarar ta dawo a na'urar awo a gaban Oga.

Mai asibiti ya ba Yaya mako guda ya tashi daga filinsa. Gobe zan je taya shi kwashe ƙarafa, in ya bar ni na taɓa.