Wutar da Aka Yi wa Tafi

Yaya Maribel,

Ina gaisuwa. Ya ƙafar Mama? Ya yara? Ni lafiya lau. Kada rubutuna ya tsorata ki, da hagu nake yi.

Kin san aikinmu a bikin tsofaffin jiragen saman yaƙi a nan Texas: mu jera jakunkunan fetur a fili, in jirgi ya sauko kamar zai jefa bam, mu tayar da wuta. Ran Asabar iska ta juya, ta koro wutar wajenmu. Abokin aikina, tsoho Wendell, ya fito da gudu, bayansa na ci da wuta. Na kayar da shi, na yi ta dukan wutar har fatar hannuna ta saɓule. Yana ihu, "Efrain, ɗan banza, bar dukana! Jirgin ya wuce lafiya?"

Ya wuce, Yaya, yana ruri har cikin ƙirjina.

Daga nan Wendell ya suma, yana asibiti, bai farfaɗo ba tukuna, ki sa shi a addu'a. Kada Mama ta ji. Ba zafin hannun ke hana ni barci ba. 'Yan kallo sun ɗauka duk cikin wasan ne, suka miƙe suna tafi.

Ƙaninki,
Efrain